Gwaggo Kulsumu da Bushiya Mai Jaka

Duk wanda ya yi firamare a Dangora cikin shekara ashirin da shida da suka wuce ya ci ƙuli-ƙulin Gwaggo Kulsumu. Ni ma na ci ina ɗaliba, na dawo na ci ina malama. Sunana Habiba, aji biyar nake koyarwa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani kuwa ita ta gaya mini da bakinta, yawanci tana cikin fushi.

An haife ta a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. A goye aka fito da ita lokacin da aka tashi garin, don haka ba ta san shi ba sai a labari. Mahaifinta ya bar noma ya koma su, wato kamun kifi, mahaifiyarta kuma ta riƙe sana'ar mai da ƙuli don a samu na cefane. Tana da shekara tara ta iya gane gyaɗar da ta soyu daga ƙamshinta, ko da tana bayan gida tana wanke-wanke. Aure ne ya kawo ta Dangora, gidan Malam Ubale, manomin masara da rake, mutumin da zai iya wuni bai yi magana goma ba. Gwaggo ita take yin nata, ta yi nasa.

Wurin zamanta gindin darbejiya ne a bakin ƙofar makaranta. Kujera 'yar tsugunno, bokitin roba mai murfi, da tsumman kore ƙuda. Ƙulinta iri biyu ne, dogaye kamar yatsa da masu zagaye kamar awarwaro, da citta da barkono da ɗan kanumfari. Masu talla da yawa sun zo sun zauna kusa da ita da irin kayanta, duk sun tashi. Tana iya lissafo maka su da sunayensu, da watan da kowacce ta naɗe tabarmarta. Ba muguwa ba ce. Yaron da ya tsaya yana kallo babu ko sisi, sai ta debo masa gutsattsarin ƙasan bokiti ta ce ya ɓace mata da gani. Abu ɗaya ne ba ta iya haɗiyewa: a yabi hannun wata a gabanta. Ko a gidan suna aka ce wainar wance ta yi daɗi, sai Gwaggo ta ce ai kanwa ta yi yawa.

Juwairiyya 'yar wanta ce, marigayi Audu. Tana da shekara bakwai Gwaggo ta ɗauko ta daga Tiga ta riƙe, ta haɗa ta da nata 'ya'yan. A gindin turmin Gwaggo ta tashi. Ta koyi suyar gyaɗa, da murza, da shiƙa, da yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya fito ya bar tunkuza. Da kuɗin ƙulin nan aka kai ta Kano ta yi difloma a fannin kasuwanci. Gwaggo ba ta da hirar da ta fi wannan a lokacin. Da yarinyar ta gama ta dawo, ta auri Ismail, mai gyaran waya a Kwanar Dangora, suka kama haya a bayan masallacin Juma'a.

Wata Asabar da hantsi ina jiyo su ta katanga. Juwairiyya ta zo gaisuwa, bayan sun gama ta ce, "Gwaggo, da wata shawara na zo. Ƙulin nan naki, in muka mayar da shi ƙanana, muka rage masa mai, muka sa shi a leda da suna, zai wuce ƙofar makaranta. Ni da ke za mu yi."

"Suna? Ƙuli ba shi da suna ne da?"

"Yana da shi, Gwaggo. Amma na kowa ma sunansa ke nan."

"To, nawa sunansa na Kulsumu, kuma har Kiru an san shi. Ke yanzu boko ya kai ki inda za ki koya mini ƙuli? Hannun nan da kike nunawa, ni na lanƙwasa shi a kan tunkuza."

Juwairiyya ta ba da haƙuri. Ta nemi izini ta gwada da kanta, Gwaggo ta ce ta je ta gwada, ai gyaɗa ba ta gidan uban kowa ba ce. Ta faɗa ne tana dariya, don ba ta zaci abin zai kai wata guda ba.

Bayan kwana uku yarinyar ta same ni a makaranta. Ta roƙi hedimasta ya bar ta ta zauna da 'yan aji biyar da shida idan an tashi tara, wato hutun safe, ya yarda da sharaɗin ina wurin. Na zaci ɗanɗano za ta raba musu. Ashe tambaya ta kawo. Sati biyu tana zuwa da ɗan littafinta, tana zama a benci kamar ɗaliba. Me kuke saya? Me ya sa? Me kuka daina saya? A ina kuke ci, da wa? Da farko suna noƙewa, daga baya sai da na riƙa tsawatarwa.

Abin da suka faɗa ni ma ya ba ni mamaki, ni da nake wuni da su. Wani yaro mai suna Mujitaba ya ce yana son ƙulin Gwaggo, amma takardar da ake ƙunshe shi tana jiƙewa da mai, man ya kama littafi, malam ya yi duka. 'Yan matan suka ce dogon ƙuli sai an buɗe baki an gatsa, maza suna yi musu dariya. Wata ta ce ba ya rabuwa, in ƙawarki ta miƙo hannu sai kin sa haƙori. Amma maganar da Juwairiyya ta ja wa layi biyu ita ce ta wata yarinya da ta ɗaga hanci ta ce, "Mu fa ba ma son tsayawa layi da 'yan aji ɗaya. Majina duk a fuskarsu."

Da muka fito Juwairiyya ta ce mini, "Malama, kin ji ko? Waɗannan ba yara ba ne a wurin kansu, kuma manya ba su karɓe su ba. Babu wanda yake yi musu abu nasu."

Ta je ta yi ƙuli ƙanana kamar ƙwayar gurjiya, ta matse mai sosai har ba ya taɓa takarda, ta yayyafa yaji mai ɗan tsamin tsamiya. Sunaye uku ta kawo wa ajin. Na farko Ɗan Lele, suka yi masa ihu, wai sunan madarar jarirai. Na biyu Gardi, suka ce tsofaffi ne suke faɗin haka. Na uku Ƙaras, saboda ƙarar da yake yi a baki. Kafin ta rufe baki ajin ya ɗauka, ƙaras-ƙaras, ƙaras-ƙaras, ana buga benci. Ismail ya zana mata bushiya a waya, ta goya jakar makaranta, ta karkata hula gefe guda, fuskarta kamar ta san wani abu da malam bai sani ba. Aka buga sitika a kan leda ruwan ɗorawa, daidai shiga aljihun riga. A ƙasan bushiyar aka rubuta kalma uku: Na manyan aji. Cikin kowace leda akwai 'yar takarda mai kacici-kacici, amsarta kuma tana cikin wata ledar daban, sai ka nemi wanda ya samu. Wanda na fara cin karo da shi yana cewa: dogon ɗan fadama, in an cije shi ya yi hawayen zuma. Sai washegari wani yaro ya kawo mini takardar da aka rubuta rake.

Juwairiyya ba ta kawo kayanta gindin darbejiya ba. Ta ce ba za ta zauna kusa da Gwaggo da talla ba har abada. Sai ta rataye su a shagon da ke tsallaken hanya, jere a igiya, suna sheƙi a rana. Ta yi haka ne don kunya, amma da ta sani da ba ta zaɓi wurin ba, domin shagon yana kallon kujerar Gwaggo ido da ido.

Satin farko Gwaggo tana dariya. "Karas fa? Na lambu? Yarinya ta je Kano ta dawo ba ta san bambancin gyaɗa da karas ba." Har yau haka take kiransa, da gangan take sauke harafin. Sati na biyu dariyar ta ragu. Ana buga ƙararrawar tara, sai manyan yara su fito a guje, su wuce ta gabanta har iskarsu tana kaɗa mata mayafi, su tsallaka hanya. Wasu sukan ce, "Sannu, Gwaggo," ba tare da sun tsaya ba. Wannan gaisuwar ta fi komai ƙona mata rai. Yaran da ta san iyayensu suna tsumma, yaran da ta share wa hawaye ranar da aka fara kawo su makaranta.

'Yan aji ɗaya da biyu suka rage mata. Su ma ba su daɗe ba. Rubutun nan da ya ce na manyan aji ne, shi ya fi jan su. Sai ka ga ɗan mitsitsin yaro ya miƙa wa yayansa kuɗi a ɓoye ya sayo masa, ya tsaya yana ci yana hura hanci kamar an ba shi sarauta.

Na ga Gwaggo ta sauya. Ta daina kallon bokitinta, idonta kullum yana tsallaken hanya. Ta san leda nawa aka rataya da safe, ta san nawa suka rage da azahar. In an tashi makaranta sai ta bi filin tana tsintar ledojin da aka yar, wai tsabta take yi, ta kai gida ta cusa a murhu. Wata rana na shiga na tarar da ita ta baje guda a cinya tana kallon bushiyar.

"Habiba, ke da kika yi karatu, gaya mini. Me wannan dabbar take da shi?"

"Zane ne kawai, Gwaggo."

"Bushiya fa. Abin da ko kare ba ya so. Shekara sama da ashirin ina ba su ƙuli da hannuna, yanzu ƙaya ta fi ni farin jini."

"Kin ɗanɗana kuwa?"

"Allah ya kiyaye."

Ƙarya take yi. Malam Ubale ya gaya mini daga baya cewa shi ta aika ya sayo mata tun kwana na uku, ta ce ya je wani shagon Kwana da shi ma aka kai wa kayan, inda ba a san shi sosai ba. Ta tauna ɗaya, sannan ta ce, "Nawa ne. Har kanumfarin. Tsamiya kawai ta ƙara." Ya ce da ya tambaye ta ko da daɗi, sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Abin ya kai maƙura ranar da ta kama Rumaisa. Jikarta ce, 'yar babban ɗanta, shekararta goma sha ɗaya, a ajina take. Gwaggo ta ɗauki jakarta za ta ɗinke mata hannun da ya tsinke, sai ga takardun kacici-kacici sun zubo, an ɗaure su da kyauron roba, sun fi talatin. Ina tsakar gidan ina tsintar shinkafa tare da ita, don haka a gabana aka yi.

"Rumaisa, zo nan. Wannan fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Tarawa muke yi, Gwaggo. Wanda ya haɗa ashirin da amsarsu, Anti Juwai tana ba shi biro mai bushiya."

"Ƙulin da nake ba ki kyauta kullum fa?"

Rumaisa ta juya tana kallon ƙofa.

"Magana nake yi miki."

"Ina ba 'yan aji biyu."

Gwaggo ba ta doke ta ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta mayar da takardun cikin jakar ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa mata ba tare da ta ɗinke hannun ba. Da yarinyar ta fita ta ce mini, "A cikin gidana ma." Ranar ba ta ci tuwo ba.

Daga nan ta fara yaƙi. Ta bi gidajen unguwa tana cewa ita dai ba ta san me ake zubawa a abin leda ba, amma ƙulin da ba ya maiƙo akwai magana a ciki. Wasu iyayen suka tsorata na kwana biyu. Ta je wurin hedimasta ta ce yara suna tsallaka hanya, wata rana babur zai kwashe wani. Wannan kam gaskiya ce, kuma hedimasta ya ɗauke ta da muhimmanci. Sai dai maganin da ya yi shi ne ya ba mai shagon izini ya kafa tebur a cikin makaranta lokacin tara. Gwaggo da bakinta ta shigo da Ƙaras cikin gida.

Sai ta ce ita ma za ta yi leda. Ba ta gaya wa kowa ba, ta hau mota ta tafi Kiru wurin wani mai buga katin biki. Ya nuna mata hotuna a kwamfuta, ta zaɓi wanda ya fi burge ta: jariri ƙato, kumatu kamar an hura, yana dariya ba haƙori. Ta ce a rubuta Ɗan Gatan Gwaggo. Da ta kawo mini in gani, fuskarta tana haske yadda na daɗe ban gani ba, na rasa yadda zan yi.

"Gwaggo, jaririn ya yi kyau. Amma manyan yara..."

"Ke ma kin koma bayanta ke nan."

Na bar maganar a nan, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ranar Litinin ta jera su a kan murfin bokiti. Mujitaba ne ya fara saya, don yaro ne mai tausayi. Bai kai ƙofar aji ba aka fara masa waƙa, ana kiransa jinjiri, ana tambayarsa ina bulunbotinsa. Sunan ya bi shi har ƙarshen zango. Bayan shi babu wanda ya sake taɓa ledar, har 'yan aji ɗaya. Da aka tashi na ga Gwaggo tana ɓare sitikun ɗaya-ɗaya da farce. Mai ya riga ya jiƙa su, fuskar jaririn ta yi dabbare-dabbare.

Ƙaras kuwa sai gaba yake yi. Ya shiga shagunan Kiru da Badafi, ya kai Tiga, direbobi suna ɗaukar katan zuwa Tudun Wada. Juwairiyya ta yi rajista da hukuma, ta sayi injin liƙe leda, ta ɗauki mata huɗu aiki. Duk Juma'a tana zuwa gaishe da Gwaggo da sabulu ko atamfa. Gwaggo ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta tura kayan ƙarƙashin gado. Atamfa uku na sani da ba ta kai wa tela ba.

Da aka yi taron mata masu sana'a a Tudun Wada aka gayyaci Juwairiyya ta yi magana. Wani ya ɗauka a waya, abin ya zagaya gari. A ciki ta ce duk abin da ta iya a wurin gwaggonta ta koya, mace ce da ta riƙe ta tana marainiya, ta yi mata karatu da kuɗin ƙuli. Har ta yi hawaye. Mata suka riƙa shigowa suna yi wa Gwaggo barka. Na zaci wannan zai sanyaya mata zuciya. Da suka watse sai ta ce, "Kin ji yadda take faɗa? Ta koya. Ta riƙe. Ta yi. Kamar wadda ta mutu. Ta hau mumbari da sabon leshi ta mayar da ni labari, ni kuwa ga ni nan da raina ina kore ƙuda a bokiti."

Damina ta biyu aka samu matsala. Odar ta yi yawa, tsohuwar gyaɗa ta yi tsada, Juwairiyya ta sayi sabuwa 'yar fari. Cikin sati biyu shaguna suka fara dawo da kaya. Ƙaras ya daina ƙara, ya yi laushi kamar ɗanwake, wani ma yana warin gumi. Yara ba su da kara a irin wannan. A ajina suka sauya masa suna zuwa Luƙus, suka zana bushiya a allo tana kwance ƙafafu a sama. Ta sake soyawa, ya sake lalacewa. Ta rame, idonta ya faɗa.

Ba zan ɓoye ba, Gwaggo ta ji daɗi. Kwana biyu tana 'yan waƙe-waƙe a madafi, bokitinta yana ƙarewa kafin azahar. Ta aiko mini da ƙuli cike da kwano ban roƙa ba. A rana ta uku ta je awo Kwana, ta ji wata mai koko tana gaya wa wata cewa ai dama ƙulin gidan su Kulsumu ne, ƙarshensa ke nan, an ce tsohuwar ma hannunta ya mutu. Ta dawo ko awon ba ta yi ba. Malam Ubale yana zaure yana gyaran fartanya, ta tsaya a kansa tana zazzaga masa abin da ta ji. Ya saurara har ta gama, ya ce, "To, ai gidan naki ne." Ya ci gaba da aikinsa.

Ta ja ni muka tafi, wai in zama shaida. Rabonta da gidan Juwairiyya tun ranar da aka kai ta. Ta yi sallama a tsaye, ba ta jira tabarma ba, ta wuce inda buhuna suke. Ta damƙo gyaɗa ta murza, ta kai hanci, ta ciji ɗaya.

"Wa ya ce ki soya wannan? Ruwa ne a cikinta. Kwana huɗu take so a rana, a kan tabarma, ba a kan siminti ba."

"Gwaggo, na shanya ta kwana..."

"Rufe mini baki. Ke, yarinya, kwashe wannan a kaskon in gani."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ta kwashe, ta juye a roba, wata ta fara ɗurawa a leda nan take. Gwaggo ta ƙwace ledar ta ɗora wa Juwairiyya a kumatu.

"Da zafi ko babu?"

"Da ɗumi."

"Kina rufe shi yana numfashi, ga damina. Ina zufar za ta je? Shekara nawa kina gani ina baza shi a faifai har ya huce kafin in rufe bokiti? Kin zaci hutawa nake yi? Wannan ba ya cikin littafin naku?"

Juwairiyya ta durƙusa tana kuka tana dariya lokaci guda. Gwaggo ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta kori mai suyar daga bakin murhu, ta rage wuta, ta zauna. Ba ta tashi ba sai la'asar. Abin da ta kwashe ranar, da ya huce na tauna ɗaya, sai da na ji ƙararsa a cikin kunnena.

Ba a yi sulhu irin na taro da addu'a ba. Washegari dai ta koma, jibi ma haka. Bayan wata guda kaya suka daidaita, yara suka goge zanen allo suka manta kamar ba su ba. Juwairiyya ta roƙe ta ta riƙe ɓangaren suya gaba ɗaya, da rabonta a cikin riba. Gwaggo ta ce sai da sharaɗi: a cire dabbar nan a sa hotonta.

Juwairiyya ta daɗe tana murza bakin hijabinta. "Gwaggo, ki yafe mini. In na sa hotonki a gaba, iyaye za su saya, yaran ba za su saya ba. Duk abin da ya yi kama da wanda babba ya zaɓar musu, guje masa suke yi."

Na ɗauka Gwaggo za ta tashi ta fita. Ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce, "Wato fuskata korar yara take yi." Sati guda ba ta je ba. A ƙarshe aka tsaya a kan rubutu a bayan leda: Suyar Gwaggo Kulsumu, Dangora. Ranar da sabbin ledojin suka iso ta kawo mini guda in karanta mata, na karanta sau uku. Ta karɓa, ta tsinko tsinken tsintsiya ta auna tsawon sunanta, ta juya ta auna bushiyar. Ta ce ko ƙafar dabbar sunan bai kai ba.

Yanzu shekararta hamsin da 'yan kai. Mata bakwai ne a ƙarƙashinta, kuma duk suna tsoronta. Ta ɗinka ɗaya daga cikin atamfofin, biyu suna nan a ajiye. Ita da Juwairiyya suna wuni tare, suna ci a kwano ɗaya, amma in baƙo ya yabi ledar ko sunan ko dabarar kacici-kacici, sai ka ga Gwaggo ta ƙara wa murhu itacen da ba ya buƙata.

Watan jiya wani ɗan kasuwa ya zo daga Doguwa da ƙaramar mota, yana son a riƙa ba shi katan hamsin duk sati. Na je karɓar saƙo, na tarar ya shigo tsakar gida. Ya ga tsohuwa a bakin kasko, hayaƙi ya sa mata hawaye, ya gaishe ta sama-sama ya ce, "Baba, ina mai kamfanin?"

Gwaggo ta ci gaba da juya ƙuli kamar ba ta ji ba. Ta kwashe, ta baza a faifai, ta goge hannu. Mutumin yana tsaye yana kaɗa makullin mota. Sai da ta ga dama ta nuna ɗakin Juwairiyya da haɓa. Ya juya zai tafi ta kira shi.

"Malam, motar taka tana yoyo?"

"A'a, Baba."

"To, kada ka ɗora katan a kan buhun albasa, yana ɗaukar wari. In ya lalace a hannunka kada ka ce daga nan ne."

Ya amsa da to, ya shige. Tana jiyo su a ciki yana zuba wa Juwairiyya kirari, wai yarinya ƙarama da kwanya haka, 'ya'yansa ba sa barinsa ya zauna sai ya kawo mai bushiya. Gwaggo ta sake zuba wani a mai, ya yi cuuu. Ta dube ni ta gefen ido.

"Habiba, miƙo mini faifan can. Kuma ki daina kallona haka, hayaƙi ne."